Ranar da Aka Kwance Tsintsiya

Ƙasashe uku ne a dajin nan, kuma titi ɗaya ne ya ratsa su. Can sama akwai Tudu, ƙasar raƙuman dawa da ɓakane, su ne masu ƙera motoci. Can ƙasa akwai Gaɓa, ƙasar dorinai da kadoji, su ne masu jiragen ruwa da rumbunan kifi. A tsakani kuwa sai Fadama, ƙasar bushiya da kunkuru da gafiya da sauran ƙananan bayin Allah. Su ba su ƙera ba, ba su sayar ba, amma duk motar da ta taso daga Tudu za ta Gaɓa, ta ƙofar gidansu take bi. Birai ne direbobi a duk ƙasashen uku, don su kaɗai Allah ya ba hannun riƙe sitiyari, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinsu a kan komai.

Kowace ƙasa da dokarta ta mota. A Tudu hannun dama ake bi, a Gaɓa hannun hagu, a Fadama kuwa direba kan bi inda rami ya bar masa. Tudu ta ce fitila ta zauna can sama daidai idon raƙumin dawa. Gaɓa ta ce a'a, fitila ta sauko, kuma kada ta mutu in ta sha ruwa. Sai ka ga biri a bakin iyaka yana kwance wannan yana ɗaura wancan, yana zage-zage ƙasa-ƙasa. A Gadar Mararraba, inda masu bin dama ke karo da masu bin hagu, ungulaye sun daina zuwa neman abinci nesa. A kan ƙarfen gadar suka tare da iyalansu.

Don haka kada wani ya ce ba a bukatar majalisa. Ana bukata ƙwarai da gaske. Aka kafa Majalisar Daidaita Ma'aunin Motoci, tana zama ƙarƙashin wata tsohuwar kuka a Mararraba, da niyyar a yi doka ɗaya, gwaji ɗaya, hatimi ɗaya, yadda motar da aka buga wa hatimi a Tudu za ta wuce har teku ba mai tsayar da ita. Shekara tara suna zama. Sun daidaita birki, sun daidaita taya, sun daidaita ɗamarar kujera, sun kuma shafe damina biyu cur suna gardama a kan launin fitilar baya. An samu ci gaba, wannan kam ba musu, tunda har ungulaye sun fara gunaguni.

Fadama doka ɗaya tak gare ta, dokar tsintsiya. Ga dalilinta. Bushiya in ta ji tsoro ba ta gudu. Dunƙulewa take yi, ta cusa hanci cikin ciki, ta miƙe ƙayoyinta, ta yi lamo har abin ya wuce. Ba shawara take yi ba, jikinta ne ke yi kafin ita ta sani. Wannan ɗabi'a ce ta fisshe su daga bakin dila da mujiya da maciji tun kaka da kakanni. To amma taya ba ta san ƙaya ba. Shekarun farko da aka shimfiɗa kwalta, babu gidan bushiyar da ba a yi zaman makoki ba. Sai dattawan Fadama suka yanke cewa duk motar da za ta shiga ƙasarsu a ɗaura mata tsintsiyar kwakwa a gaba, a karkace, bakinta yatsa ɗaya daga ƙasa. In bushiya ta dunƙule a titi, tsintsiya ta share ta, ta gangara cikin lambatu. Za ta tashi da ƙura a hanci da ciwon haƙarƙari da ɗan wulaƙanci, amma dai za ta tashi.

Shugabar masu ɗaurin tsintsiya a Ƙofar Fadama ita ce Tabawa, wata bushiya gajeriya ko a cikin bushiyoyi, mai saurin hannu, mai saurin baki. Ita kanta sau biyu tsintsiya na share ta, kuma ba ta ɓoyewa. 'Ya'ya uku gare ta, Nomau da Jatau da ƙanwarsu Delu. Gidansu yana wannan gefen titi, filin da suke kiwon gara da fara yana wancan gefen. Kullum sai sun tsallaka, zuwa da dawowa. Ba don sha'awa ba, a can abincin yake.

Ranar wata Laraba da hantsi, Shamuwa, wadda take magatakardar majalisa, ta sauka a Ƙofar Fadama ta liƙa takarda a jikin shinge, ta tashi ko gaisuwa babu. Tabawa ba ta iya karatu ba, sai ta jawo wani tsohon kunkuru ya karanta mata. Sashe na arba'in da ɗaya ne, wanda za a zartar a zama mai zuwa. Ya ce motar da ke ɗauke da hatimi ba za a ɗaura mata komai a gaba ba, ba kuma za a tsayar da ita don a ɗaura ba. Kariyar mai tafiya a ƙasa ita ce hon, kuma za a ninka ƙarfinsa.

"Baba, sake karantawa," in ji Tabawa.

Ya sake. Takardar ba ta sauya ra'ayi ba.

Ranar nan Tabawa ba ta iya zama ba, ba ta iya tsayuwa ba. Sau biyu tana ɗaura tsintsiya a juye, ita da ko ido rufe ba ta kuskure. Ta je gida ta dubi yara, ta fito, ta koma, ta sake fitowa. Washegari ta damƙa su hannun maƙwabciya, ta kama hanyar Mararraba a ƙafa, tana bin gefen lambatu. Kwana biyu ta yi a hanya.

Ta tarar majalisa ta cika maƙil. Shugaban zama shi ne Raƙumin Dawa, mai sarautar Magajin Tudu, kuma ta same shi yana tsakiyar jawabi.

"Ya ku wakilan ƙasashe, 'yan'uwa a kan titi ɗaya," in ji shi. "Shekara tara ke nan muna ɗinke abin da iyakoki suka yaga. Yau saura sashe ɗaya. Ba mu taru don mu danne al'adar kowa ba. Mun taru ne don rai ya zama rai, a tudu yake ko a gaɓa. Daga inda nake tsaye ina hango ranar da mota za ta tashi daga ƙofar maƙera ta isa bakin teku, ba ta tsaya ba, ba ta kuma taɓa kowa ba."

Gaskiya ya faɗa, yana hangowa. Daga inda yake tsaye yana ganin har bayan gari uku. Abin da ke tsakanin ƙafafunsa ne kawai bai taɓa gani ba, kuma da tsawonsa ake auna kujerar direba.

Dorina, wakiliyar Gaɓa, ta miƙe da ƙyar, ta yi gyaran murya har ganye ya motsa. "Allah ya taimaki Magaji. Ni ba ni da ƙiyayya da 'yan'uwanmu na Fadama, sun sani. Amma rabin yini motocinmu ke yi a ƙofarsu ana ɗaure-ɗaure. Kifi yana ruɓewa, masu jira suna jira. A ce mota mai hatimin ƙasashe uku ta tsaya a ɗaura mata abin sharar tsakar gida? Haba! In kowa zai zo da tsintsiyarsa, to mene ne muka yi shekara tara muna daidaitawa?"

Aka yi tafi. Sai wata 'yar murya ta taso daga ƙasa.

"Allah ya taimaki Magaji, ina da magana."

Magajin Tudu ya duba gabas, ya duba yamma. "Wa ke magana?"

"Ga ni nan, ranka ya daɗe."

"Ina?"

"Kusa da kofatonka na hagu. Don Allah kada ka matsa."

Shamuwa ta buɗe kundi ta ce baiwar Allahn nan ba wakiliya ba ce, amma ƙa'ida ta ba mai ruwa da tsaki damar magana gwargwadon lokacin da ganye zai yi kafin ya faɗo daga ƙolin kuka. Aka ɗora Tabawa a kan suri don a gan ta. Wani biri ya hau ya saki ganye.

"Ranku ya daɗe, ni ban yi makaranta ba, tsintsiya nake ɗaurawa," in ji Tabawa. "Birkin da kuka gyara, mun gode. Fitilar ma mun gode, Allah ya saka. Amma ku saurare ni. Mu ba ma gudu. In muka ji ƙara dunƙulewa muke yi. Hon yana ce wa barewa ta kauce, mu kuwa ce mana yake yi mu tsaya nan a taka mu. In kuka ninka ƙarfinsa, wanda ya kusa tsallakewa ma zai dunƙule, balle na tsakiya. In tsayawar ce ta dame ku, to ku ƙera motocin da tsintsiyarsu tun daga Tudu, ku buga mata hatiminku, ni na haƙura da sana'ar, wallahi na haƙura. 'Ya'ya uku gare ni, kullum sai sun—"

Ganye ya taɓa ƙasa. Shamuwa ta ɗaga fiffike.

Magajin Tudu ba azzalumi ba ne, a faɗi gaskiya. Ya ce tunda akwai shakka, a nuna wa baƙuwa gwajin da idonta. Filin gwaji yana nan gefen kukar. A tsakiyarsa an kafa wani mutum-mutumi na buhu da ƙaiƙayi, wanda majalisa ke kira Matsakaicin Mai Tafiya a Ƙasa. Shamuwa ta yi bayani da alfahari. An auna tsawon kowace dabba a ƙasashen uku, daga raƙumin dawa har ɓera, aka haɗa, aka raba, don kada a zalunci kowa. Abin da ya fito ya yi tsawon akuya, da wuya kamar na jimina, kuma duk dajin ba wanda ya taɓa haɗuwa da mai irin wannan sura. An ɗaura masa igiya a ƙugu, wani biri yana riƙe da ɗaya bakin.

"Igiyar fa ta mece ce?" in ji Tabawa.

"In an danna hon, sai a janye shi gefe."

"Don me?"

Shamuwa ta dube ta da tausayi. "Don mai tafiya a ƙasa yana kaucewa in ya ji hon, baiwar Allah. Sashe na shida ya tabbatar da haka tun shekara bakwai da suka wuce. Sau ɗari muka gwada, sau ɗari yana tsira."

Mota ta taso a guje. Direba ya danna sabon hon, ƙara mai tsaga kunne. Biri ya fizge igiya, mutum-mutumi ya kauce, mota ta wuce, gwaji na ɗari da ɗaya ya yi kyau. Da aka waiwaya, babu Tabawa a kan suri. Ta dunƙule, ta gangaro, ta tsaya cak a gaban ƙafar Dorina kamar ɗan goruba. Majalisa ta kwashe da dariya, har kadoji suna hawaye. Da ta warware, kunya kamar ta nutse, amma ta daure ta ɗaga kai.

"To kun gani ko?" ta ce.

"Mun gani," in ji Dila.

Dila shi ne mai ba majalisa shawara kan shari'a. Siriri ne, mai ladabi, ba ya ɗaga murya. Ya fito tsakiyar fili ya rusuna wa Magaji, ya rusuna wa Dorina, har Tabawa ya rusuna mata.

"Allah ya ja zamanin Magaji. Ba zan tsaya a kan cewa mai ƙorafin da tsintsiya take cin abinci ba, don ta ce ta haƙura, kuma na yarda da ita. Ni na daɗe ina nazarin bushiya, kusa da kusa, kuma ba wanda ya kai ni sanin wahalar da wannan dunƙulewa take jawowa. Abin da muka gani yanzu ya isa hujja. Mota ta cika ƙa'ida. Hon ya cika ƙa'ida. Wanda bai cika ƙa'ida ba shi ne mai tafiya a ƙasa. Shin za mu lalata aikin shekara tara don mu bi wata tsohuwar ɗabi'a, ko kuwa za mu taimaki 'yan'uwanmu su fita daga cikinta? Ina ba da shawara uku. A zartar da sashen yadda yake. A ba Fadama damina ɗaya ta koya wa 'ya'yanta gudu kafin a kwance tsintsiya. Sannan a kafa kwamitin sa ido, ya zauna a gefen titi yana lura da yadda abin ke tafiya. Aiki ne na rana da ƙura, ba kowa zai so shi ba. In ba a samu wani ba, ni da danginmu za mu ɗauka."

Kai, ranar an yaba wa Dila. Dorina ta ce irin wannan sadaukarwa ta yi ƙaranci a zamanin nan.

A majalisar ba a ƙidaya ƙuri'a, sai dai a ce kowa ya yarda. Tudu ta yarda. Gaɓa ta yarda. Aka juya ga wakilin Fadama, wani ƙadangare mai jan kai da ake kira Jangwada, wanda ya shekara tara a kan reshe ɗaya yana gyaɗa kai. Tabawa ta zuba masa ido. Bai dube ta ba. Ya gyaɗa kai, Shamuwa ta rubuta, aka buga hatimi.

Ta tare shi a bayan kuka bayan an watse. "Jangwada, ashe kai ma? Uwarka da tawa rami ɗaya suka yi maƙwabtaka. Tir!"

"Yaya Tabawa, zage ni, na cancanta," ya ce, kuma wannan karon kansa bai motsa ba. "Amma kin san abin da suka ce min a gefe? Ko mu karɓa duka, ko mu bari duka. In muka ƙi sa hannu, babu sabon birki a titinmu, babu komai. Duk motar da ta faɗi gwaji a Tudu, mu za a turo wa. Na auna, na auna, na rasa inda zan sa kaina."

"Da 'ya'yana ka auna," ta ce. Ta juya ta kama hanya, ba ta jira amsa ba.

Damina ɗaya. Tabawa ta dawo gida da ita a ka kamar kayan da ba a saukewa. Ta samo wani tsohon faranti da muciya, ta jera yaran a tsakar gida. Ta ce in suka ji ƙara su ruga wajen danga. Ta buga. Duk ukun suka dunƙule. Ta warware su, ta sake bugawa, suka sake dunƙulewa. Ta yi lallashi, ta yi roƙo, ta yi alkawarin fara mai kitse. Da abin ya ƙi, ta ɗauko tsumagiya. Ita da ba ta taɓa dukan ɗa ba, sai ga ta tana tsula wa Delu a ƙafa don ta yi abin da kakarta ta yi, abin da ita Tabawar da bakinta ta yaba mata tun tana jaririya. In yaran sun tafi kiwo, sai ta shiga bayan ɗaki ta yi kukanta, ta share ido, ta fito ta ɗauki faranti.

Ba ta bar su sun huta ba, ita ma ba ta huta ba. Suna cin abinci ta buga. Suna wasa ta buga. Tana cikin yi musu hira mai daɗi sai kawai ta buga. Maƙwabta suka ce Tabawa ta zautu, sannan ɗaya bayan ɗaya suka samo nasu farantan. Unguwar bushiyoyi ta koma kamar maƙera, ba ka jin komai sai ƙarar kwano da kukan yara. Nomau da Jatau sun koya rabi da rabi, wata rana su gudu, wata rana su dunƙule, wata rana su tsaya suna rawar jiki sun rasa na yi. Delu kuwa ta koya sarai. Yarinya ce mai son ta faranta wa uwarta rai. Kafin a yi girbin gero, ko tari aka yi da ƙarfi sai ka ga Delu ta zura a guje, kai a miƙe, ciki a buɗe.

"Inna, na iya ko?" takan ce, tana haki.

"Kin iya, 'yar albarka. Kin fi su duka."

Ranar kwance tsintsiya an yi biki a Ƙofar Fadama. Magajin Tudu ya zo da kansa, aka share masa hanya don kada ya taka masu masaukinsa. Aka sa Tabawa, don girmamawa, ta kwance ta ƙarshe da hannunta. Ƙullin nata ne, ta san inda za ta ja, amma sai da ta ja sau uku. Dorina ta roƙi a ba ta tsintsiyar ta rataye a ofishinta don tarihi. Aka ɗage shinge, motoci suka wuce ba tsayawa, kuma kifi ya isa Tudu da ɗanyensa.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, Tabawa ta fito da yaran za su tsallaka. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta kasa kunne. Shiru. Ta ce su taho. Suna tsakiyar kwalta sai ga mota ta ɓullo daga kwana, sabuwa fil, da hatiminta yana sheƙi. Direban bai gan su ba, don daga kujerarsa ba a ganin abin da bai kai akuya tsawo ba. Ya danna hon ne kawai saboda ƙa'ida ta ce a danna a kowace kwana.

Nomau da Jatau suka yi baya suka faɗa lambatu. Delu ta zura gaba kamar kibiya. Ita kuwa Tabawa, malamar gudu, mai faranti da tsumagiya, jikinta bai tambaye ta ba. Ta dunƙule a tsakiyar titi.

Ta ji zafin inji ya wuce ta kanta, ta ji iskar taya a dama da hagu. Allah ya sa a tsakanin ƙafafun motar ta faɗo. Da ƙarar ta yi nisa ta warware, ta ɗaga kai tana neman 'yarta. Ga Delu can ta tsallake lafiya lau, ta haye lambatu, ta shiga ciyawa, har ta juyo tana murmushi don uwarta ta gani.

A bayanta, ƙarƙashin inuwar wata ƙaya, kwamitin sa ido yana zaune. Dila ya ajiye takardarsa a hankali, ya miƙe.

"Delu!" Tabawa ta ƙwalla. "Dunƙule! Dunƙule, Delu!"

Delu ta ji ihun uwarta, ta ji takun ƙafa a bayanta. Damina guda aka yi ana dukanta a kan wannan kalma. Ta yi abin da aka koya mata, ta yi shi da kyau. Ta ruga a guje, kai a miƙe, ciki a buɗe. Bushiya kuwa ba ta taɓa tsere wa dila ba tun da aka halicci ƙasa.

Da shekara ta zagayo majalisa ta zauna ƙarƙashin kuka, Shamuwa ta karanta rahoto. Ta ce a kan titin Fadama ba a rasa ko mai tafiya ɗaya da ya bi ƙa'ida ba. Waɗanda aka taka a dunƙule ba su bi sashe na shida ba, don haka ba sa cikin rahoton. Waɗanda suka ɓata a bayan lambatu kuwa, hurumin majalisa a bakin kwalta ya tsaya. Magajin Tudu ya ce wannan nasara ce ta kowa da kowa. Dila, wanda wuyansa ya cika har ya sake sabuwar riga, ya ce aikin da wuya amma danginsa a shirye suke su ƙara shekara, ya kuma nemi a faɗaɗa shirin ya haɗa da kunkuru, don su ma suna da wata ɗabi'a ta shigewa cikin ƙoƙo. Aka juya ga wakilin Fadama. Jangwada ya gyaɗa kai.

A wannan hantsin Tabawa tana bakin titi da Nomau da Jatau. Kwana biyu ba su tsallaka ba, kuma yunwa ta fara sa yaran jiri. Ta fasa farantin tun ranar da ta rasa Delu, ta ƙone tsumagiyar. Tana duban sama, tana duban ƙasa, tana duban inuwar ƙayar da ke wancan gefen, inda kunnuwa biyu suke a tsaye. Ta sa ƙafa a kwalta, ta janye. Ta sake sawa.

Nomau ya taɓa ta. "Inna."

"Na'am."

"In muka ji ƙara, mu gudu ne ko mu dunƙule?"

Tabawa ta buɗe baki. Jatau ma ya matso, su biyun suka zuba mata ido suna jira, don Inna ba ta taɓa rasa amsa ba. Can bayan kwana, wata mota ta danna hon.